Tsakanin Koyo da Kwafa: Ina Mai Ƙera Kayan Lantarki a Sakkwato Zai Sa Kwaɗonsa?

Rashin tsayayyar wuta da yalwar rana sun haifar da wata sana'a a Sakkwato wadda har yanzu ba a ba ta matsayin da ya dace da ita ba. Matasa ne ke yin ta. Wasu sun fito daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu kuwa a teburin gyaran rediyo da talabijin suka buɗi ido. Su ke haɗa inbata, da kantirolar cajin batirin sola, da na'urar da ke sauya wuta tsakanin layin NEPA da janareta ba tare da an sa hannu ba, da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai daidaita ɗumi, da ɗan abin nan da ke kashe famfon burtsatse idan tanki ya cika. Duk wanda ya ɗan yi nisa a cikinsu kuma kukansa ɗaya ne. Mutum ya shafe watanni yana gwaji, yana ƙona mosfet, wato 'yan makunnan lantarkin da ke ɗaukar nauyin wuta a inbata, yana sake naɗin tiransifoma, har abu ya zauna. Ya fitar da shi kasuwa, jama'a suka karɓa. Ba a daɗe ba dillalinsa ya tare shi da cewa, "Injiniya, wanga naka ya yi tsada, ga irinai can ƙasa da haka." Ya je ya duba, ya tarar da ƙirarsa ce kamar an tsaga kara, wani lokaci har da sunansa a jikin akwatin.

Daga nan sai tambaya ta biyo baya: yaya zan rufe shi yadda ba mai iya kwafa? Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa kowane maƙeri tun farko ita ce babu irin wannan rufin. Abin da ka sayar ya bar hannunka. Wanda ya saya yana da sukudireba, yana da mitar gwaji, yana da dare da rana. Manyan kamfanonin duniya, da ɗakunan bincikensu da rundunar lauyoyinsu, ba su iya hana a buɗe kayansu ba. Abin da ake iyawa shi ne a sa kwafar ta yi tsada ta yi jinkiri har mai niyyarta ya ga ba riba, a kuma san takamaiman inda darajar ƙirar take domin a tara ƙarfin tsaro a wurin. A ganina akasarin masu ƙirarmu suna kashe ƙarfinsu inda ba ya amfani, suna barin ƙofar da aka fi shigowa ta cikinta a hangame.

Akwai abubuwa uku da ake cakuɗawa idan rai ya ɓaci, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya sayi na'ura ya warware ta don ya fahimci yadda take aiki, ya je ya ƙera tasa. Akwai wanda ya kwafe ta sak, allon da aka jera kayan lantarkin a kai da manhajar da ke sarrafa su, ya sa sunansa. Akwai kuma wanda ya kwafa ya sa sunan mai ita, wato jabu. Na farkon ba ɓarawo ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana a shari'ar Kewanee ta 1974 cewa warware abin da ke hannunka don gano yadda aka yi shi halastacciyar hanya ce ta samun sani, dokar Tarayyar Turai kan sirrin kasuwanci ta 2016 ma a kan haka ta tafi. Kwamfutar da ke kan teburanmu ta wannan hanya ta yi araha. Kamfanin IBM ya fitar da tasa a 1981. A 1984 kamfanin Phoenix ya fito da kishiyar manhajar da ke tayar da ita, bayan ya raba ma'aikatansa gida biyu: ɓangare ɗaya ya nazarci ta IBM ya rubuta bayanin abin da take yi, ɗaya ɓangaren da bai taɓa ganin asalin rubutun ba ya rubuta sabuwa daga wannan bayani. Aiki iri ɗaya, rubutu daban, doka kuma ba ta kama su ba. Mu ma a nan, wane mai haɗa inbata ne bai fara da buɗe wadda aka shigo da ita daga Sin ko Indiya ba? Wanda ke so a haramta buɗe na'ura gaba ɗaya yana so ne a hana na bayansa abin da shi ya ci moriyarsa. Rigimar da ke gabanmu da na biyu ne da na uku.

To, yaya mai kwafa yake aikinsa? Yakan sayi na'urarka guda biyu. Ɗaya ya bar ta tana aiki don kwatance, ɗaya ya kwance. Ya ɗauki hoton allon sama da ƙasa da wayarsa. Ya kunna na'urar hura zafi ya cire kayan da ke kai ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta lambar kowace aisi, wato 'yar baƙar ƙwayar nan mai ƙafafu da yawa, yana auna kowace rasista da kafasita. Sannan ya juya mitarsa zuwa inda take ƙara, ya dafa tsinke ɗaya a kan wata ƙafa, ya riƙa zagayawa da ɗayan, duk inda ta yi tsuwa ya ja layi a takarda. Allo mai hawa biyu, wato wanda layukan tagullarsa ke sama da ƙasa kaɗai, shi ne akasarin abin da muke bugawa, kuma aikin 'yan kwanaki ne ga ƙwararre. Idan hawa huɗu ne ko shida, layukan ciki sun ɓuya, sai a koma cin allon da samfefa hawa-hawa ana ɗaukar hoto, ko a yi masa hoton eksire. A birnin Shenzhen na ƙasar Sin akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: ka aika allo, su dawo maka da zanensa da jerin kayansa.

Dabaru biyu ne suka fi yawa a wurinmu wajen tare wannan. Ta farko ita ce goge lambar da ke bayan aisi. Amfaninta kaɗan ne ƙwarai. Mai kwafa zai ƙirga ƙafafu, ya ga ta inda wuta ke shiga, ya duba abin da ke kewaye da ita. Aisi mai ƙafa 16 da ke zaune a tsakiyar inbata tana tura mosfet ɓangare biyu, ko sabon almajirin sana'ar zai ce SG3525 ce ko TL494, gwaji ɗaya kuma ya raba gardama. Wanda ya gina inbatarsa a kan allon EGS002 mai ɗauke da EG8010 kuwa ba shi da wani sirri a wannan ɓangaren tun asali, domin kamfanin da ya yi ta ya wallafa zanen haɗinta ga duk mai so.

Ta biyu ita ce malale allon da baƙin gam mai daskarewa kamar dutse. Wannan ita ce ta fi damuna, domin wanda take cutarwa ba shi ne aka nufa ba. A Sakkwato zafin Afrilu da Mayu yakan wuce maki 40 a ma'aunin Selsiyos, a inuwa ke nan. Ka ɗauki inbata cikin akwatin ƙarfe, a ɗaki mai rufin kwano, tana jan firiza da fanka da tsakar rana. Masu ƙera kafasita mai ruwa a ciki suna da ƙa'idar da suka daɗe da sani: duk ƙarin maki 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarta biyu. Gam na yau da kullum yana riƙe zafi ne. Akwai na musamman mai fitar da shi, amma yana da tsada kuma yana buƙatar lissafi. Sai kuma ranar da abu ya lalace. Mutum ya sayi na'urarka ya kai ta Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa, dayod ɗin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba ya ƙone, mai gyaran garin ya buɗe ya ga baƙin dutse, ya ce masa, "Alhaji, wagga ba ta gyaruwa, sai dai a mai da ta inda anka sawo ta." Wannan Alhajin ba zai sake sayen kayanka ba, kuma zai faɗa wa na kusa da shi. Shi kuwa mai kwafa bai yi asarar komai ba illa na'ura ɗaya da ya sadaukar: ya gasa gam ɗin da iskar zafi, ya ɓamɓare shi kaɗan-kaɗan da tsinin wuƙa. Idan har sai an zuba gam, to a ware ɓangaren ƙwaƙwalwa, wato aisin da ke ɗauke da manhaja, a ɗan ƙaramin allo na daban wanda ba ya ɗaukar zafi, mai cirewa da mayarwa, a rufe shi kaɗai. Ɓangaren ƙarfi, inda mosfet da fis da kafasita suke, a bar shi a buɗe da lambobinsa, domin kowane mai gyara ya iya taɓawa.

Dalilin ware ƙwaƙwalwar shi ne a nan darajar take. Layukan tagulla kowa zai iya bi. Abin da ya ci maka watanni shi ne manhajar da ke cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan: a wane mataki za a sassauta cajin batir idan zafi ya yi yawa, yaya za a bar kwamfiresar firiza ta ja wutar tashi ba tare da inbata ta ɗauka gajeren haɗi ne ta mutu ba, yaya za a gane wutar janareta mai rawa a ƙi karɓarta. Allo ba tare da wannan ba gawa ne. Abin farin ciki kuma, kusan kowace ƙwaƙwalwa da muke aiki da ita tana zuwa da kwaɗonta, wato tsarin da ke hana a karanta manhajarta daga waje, kyauta. ATmega328P da ke kan Arduino Uno, allon nan na koyo da gwaji, tana da shi, dangin PIC suna da shi, STM32 tana da shi. Abin takaici shi ne da yawa ba sa rufewa. Na'urar da aka ɗora wa manhaja ta hanyar Arduino aka fitar da ita haka nan, duk mai ɗan abin ɗora manhaja da kwamfuta zai iya zuƙe abin da ke cikinta cikin 'yan mintuna, ya juye a sabuwar ƙwaƙwalwa, ba sai ya fahimci ko layi ɗaya ba. Wannan sakaci ba namu ne mu kaɗai ba. Ɗan abin nan da kanikawa ke soka wa mota don karanta matsalar inji a waya, ELM327, wani kamfanin Kanada ne ya yi shi a kan ƙwaƙwalwar PIC. Fitowar farko ba a rufe kwaɗon ba, aka kwashe manhajar, daga nan kwafinsa ya cika duniya a farashin da mai asalin ba zai iya gogayya da shi ba.

A yawancin dangin STM32 kwaɗon hawa uku ne. Mataki na 0 a buɗe yake. A mataki na 1 ba a karanta manhajar daga waje, kuma duk wanda ya nemi mayar da shi 0, ƙwaƙwalwar za ta share kanta tukuna. Mataki na 2 yana kashe ƙofar bincike, wato hanyar da ake jona kwamfuta a leƙa cikin ƙwaƙwalwar, har abada, ko kamfanin da ya ƙera ta ba ya iya dawo da ita. Saboda haka kada mutum ya hau na 2 sai ya tanadi hanyarsa ta sabunta manhaja, in ba haka ba ranar da ya gano kuskure a lissafinsa zai tarar ya kulle kansa a waje.

Shin kwaɗon ba ya karyuwa? Yana karyuwa. Hanyar da ta fi shahara ita ce a girgiza wutar da ke ciyar da ƙwaƙwalwar, a ɗan ɗauke ta na lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, daidai sa'ar da take duba ko a rufe take. Idan aka dace sai ta yi tuntuɓe ta tsallake binciken. A farkon 2020 masu binciken tsaro na kamfanin Kraken sun nuna haka a kan Trezor, na'urar ajiyar kuɗin kirifto da aka gina a kan STM32, suka ce kimanin minti 15 da na'urar a hannu ya isa. A 2019 an yi wa ƙwaƙwalwar ESP32 irin wannan, har kamfanin Espressif mai ƙera ta ya fitar da sabon zubi da ya toshe ɓarakar. Tsofaffin ƙwaƙwale kuwa ana narkar da baƙin rufinsu da asid a kai ga ainihin ƙwayar, wasu ma a share kwaɗon da haske mai ƙarfi. Akwai masu tallar wannan aiki a fili a intanet, kuma tsohuwar ƙwaƙwalwa da kowa ya sani ta fi sabuwa arahar fasawa nesa ba kusa ba.

Wannan bai kamata ya karya gwiwar kowa ba. Lissafi ne kawai. Wa zai kwafe ka, kuma nawa zai iya kashewa? Idan kayanka 'yan ɗaruruwa ne da ke yawo tsakanin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, abokin hamayyarka mai shago ne a layi na gaba, kuma kwaɗon kyautar nan ya ishe ka a kansa. Idan kayan sun kai matsayin da 'yan kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano za su ga ribar aika samfur waje a bugo musu dubbai, to sai a ƙara hawa.

Ƙarin hawan da ya fi inganci shi ne kowace na'ura ta zama da mabuɗinta na kanta. Duk mai mitar wuta ta kati ya san wannan a aikace: lambobi 20 da ka saya don mitarka ba za su shiga ta maƙwabcinka ba, domin kowace mita da mabuɗin da aka ɗora mata. STM32 tana zuwa da lambar shaida mai tsawon bit 96 da ba ta maimaituwa, ana iya ɗaure manhaja da ita, ko da yake wanda ya samu manhajar a hannu kuma ya iya karatunta zai iya nemo wurin binciken ya cire. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne ƙara wata 'yar aisi ta tsaro irin ATECC608 ta kamfanin Microchip, wadda aka ƙera don ta riƙe mabuɗi ba tare da ta taɓa furta shi ba. Ƙwaƙwalwa ta yi mata tambayar lissafi, ita ta ba da amsa. Masu tunanin sayar da sola bisa tsarin biya kaɗan-kaɗan, inda ake tura wa mai saye lamba ya danna wuta ta buɗe na wasu kwanaki, su ne suka fi buƙatar wannan. Idan mabuɗi ɗaya ne a dukkan na'urorin, ranar da aka fasa guda an fasa duka, jarin kuma ya tafi.

Duk wannan bayani na asid da girgiza wuta, ni a ganina ba ta nan aka fi yi wa maƙeranmu illa ba. Ta waya ake yi. An kai na'ura wani gari, ta ba da matsala, an tura yaron shago. Ya kira: "Maigida, turo min fayil ɗin in ɗora mishi nan, ba sai mun dawo da ita gari ba." Maigida ya duba kuɗin mota da nisan hanya, ya tura ta WhatsApp. Daga wannan lokaci manhajar tana wayar yaro, tana kwamfutar da aka ara aka yi aikin, tana duk inda aka sake turawa. Ba a fasa kwaɗo ba, mai shi ne ya miƙa abin da ke ciki. Maganin wannan sananne ne: a sa wa ƙwaƙwalwar ƙaramar manhajar karɓar sabuntawa tun a shago, fayil ɗin da zai fita waje kuma a murɗe shi da lissafin sirri irin AES, ta yadda ba abin da zai iya warware shi sai na'urar da ke da mabuɗin. Irin wannan fayil ko a dandalin sada zumunta aka watsa shi ba ya amfanar mai kwafa. Aiki ne na 'yan makonni ga mai rubuta manhaja, kuma ya fi duk gam ɗin da ke kasuwa amfani.

Haka abin yake da masana'anta. Yawancinmu yanzu a Sin muke buga allo, ta kamfanoni irin JLCPCB da PCBWay, kuma dole ka ba su fayilolin zanen. Wannan ba laifi, zanen allo dama shi ne mafi sauƙin kwafa. Abin da ba a haɗawa da shi shi ne manhaja. A bugo allo can, a ɗora manhaja a rufe kwaɗo a nan Sakkwato, da hannun mai ita. Wanda ya girma har ya ba wata masana'anta haɗa na'urar gaba ɗaya ya san akwai matsalar da ta daɗe a wannan harka: ka yi odar adadi kaza, a buga fiye da haka, rarar ta fita ta bayan gida. Idan mabuɗan suna hannunka, rarar ba ta tashi.

Akwai gargaɗi ɗaya a nan. Kada fushin mai kwafa ya sa ka huce a kan mai saye. A 2014 kamfanin FTDI na Birtaniya, wanda jabun aisinsa suka cika kasuwa, ya fitar da sabuntawar da ke gano na jabu ta sauya lambar shaidarsu har kwamfuta ta daina ganinsu. Mutanen da abin ya shafa galibi ba su ma san jabu ne a cikin kayansu ba. Aka yi ca a kan kamfanin, ya janye. Na'urarka ta ƙi aiki da kayan da ba naka ba, wannan haƙƙinka ne; ta lalata dukiyar wani, wannan zalunci ne.

Batun yaran shago yana buƙatar adalci ta ɓangare biyu. Majeman Sakkwato sun shahara da jar fatar akuya wadda ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majemi bai taɓa ɓoye fatar ba, tana kasuwa kowa ya taɓa ya shinshina. Abin da yake riƙewa shi ne awon bagaruwa, da tsawon jiƙo, da yadda ake haɗa karan dafi, kuma yana sakar wa yaronsa sanin ne mataki-mataki, gwargwadon daɗewa da amana, har ranar da zai sallame shi da albarka. Haka ya kamata mai shagon lantarki ya yi. Ba kowane yaro ne zai riƙe asalin rubutun manhaja ba. Wanda aikinsa ya kai ga haka a rubuta yarjejeniya da shi gaban shaidu, a fayyace abin da yake sirri. Najeriya ba ta da doka ta musamman kan sirrin sana'a. Kotu tana dogara ne da yarjejeniya da ƙa'idar cin amana, kuma za ta tambaye ka shaidar cewa kai kanka ka ɗauki abin a matsayin sirri. Amma fa abin da yaro ya koya da kansa da hannunsa nasa ne, ba mai ƙwace masa. Maigidan da ya riƙe yaro shekaru ba albashin kirki, ba kaso, ba maganar sallama, shi ya fi kowa kusa da ganin ƙirarsa a shagon da ke kallon nasa.

Sai maganar takarda. Da an ce kare ƙira, hankali yakan tafi ga fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira. Dokar da ke kula da ita a Najeriya ta 1970 ce, ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, kariyar kuma shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda, muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara. Sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, bai taɓa bayyana ga jama'a a ko'ina a duniya ba. Nan ne matasanmu ke faɗawa: mutum ya gama ƙira, murna ta kama shi, ya ɗauki bidiyo yana bayanin yadda take aiki ya sa a Facebook ko TikTok, sannan daga baya ya fara tambayar rajista. Rangwamen da dokar ta yi na baje koli ne na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin wata 6 kafin shigar da takarda. Wani abu kuma, ofishin ba ya binciken ko ƙirar sabuwa ce da gaske, cikar takardu yake dubawa. Ƙarfin fatent ɗinka sai ranar da kuka tsaya gaban Babbar Kotun Tarayya za a san shi, shari'a kuwa tana cin kuɗi da shekaru. Ga shi kuma fatent bayyanawa ce: sai ka rubuta yadda abin yake aiki dalla-dalla kafin a ba ka. Wanda ya haɗa sanannun kaya ta sananniyar hanya, komai kyan aikinsa, fatent ba tasa ba ce. Wanda kuwa ya zo da sabuwar dabara ta gaske, ya nemi hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shigar da takardunsu, kafin ya nuna wa kowa.

Akwai wani sashe na wannan doka da ya kamata duk mai karɓar kwangila ya sani. Idan an yi ƙirƙira a cikin aikin da aka ɗauke ka ko aka ba ka kwangilarsa, haƙƙin fatent na wanda ya ba da aikin ne. Saboda haka idan wani mai gona ya ce ka ƙera masa na'urar ban ruwa, kai kuma kana da niyyar sayar wa wasu irinta daga baya, a rubuta haka tun kafin a karɓi kuɗin kafin alƙalami.

Sauran takardun sun fi sauƙi. Rajistar siffar kaya tana kare kamannin akwati da tsarin fuskarsa na shekara 5, ana sabuntawa sau biyu, amma ba ta taɓa abin da ke ciki. Manhaja kuwa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ɗauke ta a matsayin rubutu, kariyarta tana farawa daga lokacin da aka rubuta ta ba sai an yi rajista ba. Wanda ya juye ta sak ya taka doka, wanda ya rubuta tasa mai aiki iri ɗaya bai taka ba. Shi ya sa yake da kyau mutum ya adana tarihin rubutunsa da kwanan wata, ya kuma binne wata alama tasa a cikin manhajar wadda ba ta da wani aiki sai zama shaida ranar da aka musa.

A cikin takardun duka, wadda na fi ba ƙaramin maƙeri shawara ita ce rajistar suna da tambari. Rajistar kamfani a CAC ba ita ba ce, wannan daban. Tambari yana samun shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Arduino misali ne mai kyau: tun da aka fara shi a garin Ivrea na Italiya a 2005 suka saki zanen allonsu ga duniya, kowa ya buga, amma suka riƙe sunan. Mai saye a Sakkwato ba ya karanta zane. Abin da ya sani shi ne inbatar wane ba ta ƙona masa firiza ba, kuma da ta samu matsala an zo an duba. Mai jabu wannan amanar yake sata, kuma laifinsa ya fi sauƙin nunawa ga kotu da shugabannin kasuwa da malamai. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a yi ta'adi a kanta. A gari irin namu wannan hujja tana iya kashe rigima a zauren shugaban 'yan kasuwa tun kafin a kai ga lauya.

Dukkan takardun da ake yanka a Abuja kuma iyakarsu Illela. Kayan Sakkwato suna shiga Ƙonni su wuce cikin Nijar, amma fatent ko tambarin Najeriya ba shi da ƙarfi da zarar an ƙetare. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar fatent da tambari mai hedikwata a Yawunde, wadda rajista ɗaya a cikinta ke aiki a ƙasashe 17, ciki har da Benin da Chadi da Kamaru, wato dukkan maƙwabtanmu na kan tudu. Najeriya ba ta ciki. Wani zai iya riga ka yin rajistar sunanka a can, ya zama kai ne baƙo a kan kayanka. Yarjejeniyar Paris, wadda ɓangarorin biyu ke cikinta, ta ba wanda ya shigar da takarda a gida wa'adin wata 12 ga fatent, wata 6 ga tambari da siffar kaya, ya shigar a waje a lissafa masa da ranar farko. Mai niyyar sayarwa a Tawa ko Maraɗi ko Yamai ya fara ƙirga waɗannan watanni daga ranar da ya karɓi rasidinsa na Abuja.